Maƙoƙo Da Ciwon Dajin Wuya: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Duk hakimin da ya taɓa fita rangadi a ƙasar Gusau, ko ta Tsafe, ko ta Bunguɗu, ya ga masu maƙoƙo. Ran kasuwa a Magami, in mutum ya zauna a rumfa ya zuba ido, yakan hangi mace ta ja mayafi ta rufe wuyanta ko da ana tsananin zafi, don kunyar abin da ke ƙarƙashin haɓarta. Jama'a sun saba da abin har sun daina lissafa shi cikin cututtuka. Waɗansu su ce gado ne, waɗansu su ce ruwan rijiya ne, waɗansu kuwa su ce jifa ne. Lalle mafi yawan maƙoƙo ba ya kisa, mai shi yakan tsufa da abinsa. Amma a cikin ƙullutun wuya goma, wajen ɗaya ciwon daji ne, wanda ake kuma kira sankara. Shi kuwa in an bar shi, yakan bi jini ya sauka a huhu ko a ƙashi.

A 'yan shekarun nan likitocin ƙasashen waje sun fito da wata dabara ta yi wa wannan ciwo magani bayan ya riga ya yaɗu, watau su haɗa waɗansu sababbin ƙwayoyi da wani tsohon magani da ake kira aidin mai tururi. Labari irin wannan ba ya daɗewa bai iso ƙauye ba, yanzu da waya ke hannun kowa, kuma ba shakka za a zo zauren hakimi da tambaya, ko da roƙon kuɗin tafiya. Saboda haka aka shirya wannan bayani, domin hakimai da malamansu su san abin da dabarar ke iya yi, da abin da ba ta iya yi, da kuma inda nasu aikin ya shigo.

Tsokar da ke cin aidin

A gaban wuyan kowane mutum, ƙasa da zakaran wuya, akwai wata 'yar tsoka mai fukafukai biyu kamar malam-buɗe-littafi. Likitoci na ce mata tayirod. Nauyinta wajen giram 20 ne ga baligi, kuma in tana lafiya ba a ganinta. Aikinta shi ne ta dafa wani ruwa mai suna tayirokzin ta zuba shi cikin jini. Wannan ruwa shi ke daidaita zafin jiki da bugun zuciya da kuzari, shi ke kuma taimakon ƙwaƙwalwar jariri ta girma. Ba ta iya dafa shi sai da aidin, wanda ke shigowa ta abinci. Abin da ake bukata ƙanƙane ne ƙwarai, har an ƙiyasta duk abin da mutum zai ci a rayuwarsa bai wuce cikin ƙaramin cokali ba.

Ƙasashen da ke nesa da teku sukan yi ƙarancin aidin a ƙasarsu da ruwansu. In tsokar ta rasa shi sai ta yi ta ƙoƙari, ta yi ta kumbura, shi ne maƙoƙo. Ƙasar Suwizalan ta fara zuba aidin cikin gishiri a 1922, jihar Mishigan ta Amurka ta bi sahu a 1924, Nijeriya kuwa ta wajabta haka a 1993. Gishirin gargajiya da ke zuwa daga arewa, irin su kantu da manda, ba a zuba musu. Gidan da ke miya da su kaɗai, ya kamata mai unguwa ya yi musu magana.

Abin lura a nan guda ne, kuma duk sauran bayanin a kansa ya dogara. A duk jiki babu naman da ke tsotse aidin ya tara shi kamar wannan tsoka. A bangon kowace ƙwayar halittarta akwai wata ƙofa da ke jawo aidin daga jini ta shigar da shi ciki. A 1996 ne wata masaniya, Nancy Carrasco, da abokan aikinta a Niyok suka gano ainihin ƙirar wannan ƙofa. Ciwon dajin da ya tsiro daga tsokar, tun da yake ɗanta ne, yakan gaji ƙofar. Ko da ya yi ƙaura zuwa huhu, yana nan yana cin aidin kamar uwarsa, muddin bai manta asalinsa ba.

Yadda ake gane mugun ƙulli

Ba mai iya tabbatar da daji da ido, ko da likita ne. Amma akwai alamun da in an gan su ba a jinkiri: ƙulli mai tauri kamar dutse, ƙullin da ya liƙe, ba ya hawa da sauka in an haɗiyi yawu, maƙoƙon da ya shekara goma yana zaune sa'an nan ya tashi girma cikin 'yan watanni, murya ta dushe ba mura, tuwo ya riƙa tsayawa, ko numfashi ya yi wuya in an kwanta, kaluluwa ta fito a gefen wuya ta ƙi tafiya. Mata sun fi maza kamuwa wajen ninki uku, amma ƙulli a wuyan namiji, ko na yaro, ko na tsoho, shi ya fi zama abin tuhuma.

A asibiti za a ɗauki hoton wuyan da irin na'urar da ake duba masu ciki da ita, a soka siririyar allura a ɗebo 'yan ƙwayoyin nama a duba. Dajin tayirod iri-iri ne. Biyu daga ciki, fafilari da folikula, su ne masu cin aidin, su ne kuma mafi yawa. Na folikula ya fi yawa inda aka daɗe ana ƙarancin aidin, kuma rahotannin asibitocin Nijeriya sun daɗe suna nuna shi da yawa fiye da yadda ake gani a Turai. Shi ne mai son bin jini zuwa ƙashi. Sauran biyun, medulari da anafilastik, ba sa cin aidin ko kaɗan, nasu magani daban ne.

A ɗauki misali da mata biyu a ƙauye guda, kowace da ƙulli a wuya. Ta fari an kai ta Gusau a shekarar da abin ya fito, aka yi mata aiki aka cire tsokar, ta koma gida. Irinta, mafi yawansu sukan yi tsawon rai kamar kowa. Ta biyu ta shekara goma sha biyar tana shan jiƙe-jiƙe, har ranar da ciwon baya ya hana ta daka, wani kumburi mai taushi kuma ya fito mata a ƙoƙon kai. Ba a kai ta asibiti don wuyan ba, don bayan aka kai ta. Duk abin da za a faɗa nan gaba, a kan irin wannan mace ta biyu ne.

Kafin a wuce, akwai gargaɗi ga wanzamai. Tsokar nan cike take da jini, manyan jijiyoyin wuya kuma suna gefenta, ga jijiyar murya a bayanta. Ko likitocin Turai sun daɗe suna tsoron taɓa ta, sai da Theodor Kocher na birnin Ban a Suwizalan ya gyara hanyar aikin, har aka ba shi lambar Nobel a 1909. Sakiya ko tsaga a kan maƙoƙo ganganci ne, wajibi ne hakimi ya hana.

Aidin mai tururi

A 1938 waɗansu masana biyu a Kalifoniya, Glenn Seaborg da John Livingood, suka samar da wani irin aidin wanda ke fitar da tururin nukiliya. Tururin nan ba irin na tukunya ba ne, wani ƙarfi ne da ido ba ya gani, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi. Ana kiran wannan aidin da lamba 131. Jiki ba ya bambanta shi da aidin na gishiri, saboda haka in an sha shi, tsokar wuya ta tsotse shi kamar yadda ta saba, shi kuwa ya ƙone ta daga ciki. Mafi yawan ƙarfin da ke ƙonewar ba ya wuce milimita ɗaya ko biyu a cikin nama, watau abin da ke maƙwabtaka ba ya shan wahala sosai.

Likita Saul Hertz na Bostan shi ya fara ba mara lafiya wannan magani a 1941, don tsokar da ke aiki fiye da kima. A 1946 Likita Samuel Seidlin na Niyok ya ba da labarin wani mutum wanda dajin tayirod ya yaɗu a ƙasusuwansa, aka ba shi aidin mai tururi, ya samu sauƙi mai ban mamaki. Tun daga lokacin hanyar ta kafu. Da fari a cire tsokar duka da aiki, domin in tana nan ita za ta shanye maganin. Bayan 'yan makonni a ba mutum aidin ɗin, ƙwaya guda ko kurɓi guda, ya bi jini ya nemo ragowar ciwon duk inda ya ɓuya. Abin kamar a sa wa ɓera guba ne cikin abincin da shi kaɗai ke ci a gidan.

Wannan magani yana da wata ɗabi'a da ya wajaba malaman hakimai su riƙe. Ƙarfinsa yana raguwa da kansa, ko an sha ko ba a sha ba. Bayan kwana 8 saura rabi, bayan 16 saura rubu'i, bayan 24 saura sumuni. Ba a iya ajiye shi a kanti kamar sauran magunguna. Daga ƙasashen waje ake odarsa, a auna wa mutum gwargwadonsa saboda wata rana ayyananniya. Akwai tukunyar nukiliya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 2004, amma ƙarama ce ta bincike, ba ita ke samar da wannan magani ba. Mara lafiyar da ya makara da mako guda don rashin mota ko rashin amincin hanya, zai tarar rabin abin da ya biya ya tafi.

In ciwon ya manta asalinsa

Da a ce kowane daji yana ci gaba da cin aidin, da magana ta ƙare a nan. Amma ciwon yana sake hali yayin da yake tsufa. Ƙwayoyinsa sukan yi ta lalacewa har su daina kama da uwarsu, su rufe ƙofar nan ta aidin. Wannan ya fi faruwa ga masu manyan shekaru, da waɗanda ciwon ya yi girma a jikinsu, musamman a ƙashi. In ƙofa ta rufu, ko an ba mutum maganin sai ya fita cikin fitsari bai taɓa ciwon ba. An ƙiyasta wajen kashi biyu cikin uku na waɗanda dajin ya yaɗu musu nesa sukan kai wannan hali, ko tun farko ko daga baya.

Likitocin asibitin Gustave Roussy da ke kusa da Faris sun bi lissafin mutum 444 masu irin wannan ciwo da ya yaɗu, suka buga sakamakon a 2006. Waɗanda ciwonsu ke cin aidin, 56 cikin 100 suna da rai bayan shekara goma. Waɗanda nasu ba ya ci, 10 ne kacal cikin 100. Waɗanda kuwa aidin ya share musu ciwon sarai, 92 cikin 100 sun kai shekara goman, kuma galibinsu masu ƙananan shekaru ne da ciwon bai yi girma ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsakanin 56 da 10 ɗin nan, nan ne duk ƙoƙarin likitocin zamani ya tattaru.

Magungunan saiti

Tsohon maganin daji, wanda ake ƙarawa ta jijiya har gashi ya zube, kamar gobarar daji yake, yana cin ciyawa da shuka baki ɗaya, kuma bai cika amfani ga dajin tayirod ba. Sababbin magungunan kuwa kamar maharbi suke wanda ya saita dabba guda a cikin garke, shi ya sa aka kira su magungunan saiti. Ƙwayoyi ne na haɗiya.

Kashi na fari aikinsu toshe wa ciwon hanyar abinci. Daji ba ya girma sai ya sa jiki ya shimfiɗa masa sababbin hanyoyin jini, su kuwa suna hana wannan. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da sorafenib a 2013, da lenvatinib a 2015, saboda dajin da ya daina cin aidin. A gwajin lenvatinib an sa mutum 392, aka ba 261 maganin, sauran aka ba su ƙwayar da ba kome a cikinta. Masu shan maganin sun yi wajen wata 18 kafin ciwon ya ci gaba, sauran kuwa ba su cika wata 4 ba. Ciwon ya ragu ga wajen 65 cikin 100. Amma a lura da sauran lissafin. Mutum 4 ne kaɗai ciwon ya ɓace musu sarai. Wajen kashi biyu cikin uku sun sami hawan jini, da yawa sun yi zawo da rama da kasala, kuma an danganta mutuwar mutum 6 da maganin kansa. Ga shi kullum ake sha, wata da watanni, in an daina ciwon ya tashi. Riƙe ciwo yake yi, kamar yadda ake ɗaure doki a turke. Saboda haka likitoci ba sa garajen fara shi ga wanda ciwonsa ke kwance ba ya motsi.

Kashi na biyu su ne suka shafi wannan bayani. Masana sun gano cewa a cikin ƙwayoyin dajin akwai wata tawaya a rubutun halittarsu, wadda ke sa wata hanyar umarni ta riƙa kira dare da rana, tana cewa a hayayyafa. Tawayar da aka fi sani ita ce BRAF, wadda ake samu a wajen rabin masu fafilari, da kuma RAS, wadda ta fi yawa a folikula. Abin sha'awa shi ne, wannan kira da ke sa ciwon girma shi ne kuma ke sa a rufe ƙofar aidin. Sai aka yi tunani: in an sa mai kiran ya yi shiru na ɗan lokaci, ko ƙofar za ta sake buɗewa?

Haɗa biyun

Likita Alan Ho da James Fagin da abokan aikinsu na asibitin Memorial Sloan Kettering a Niyok suka gwada, suka buga sakamakon a 2013. Sun ba mutum 20 waɗanda ciwonsu ya daina cin aidin wata ƙwaya mai suna selumetinib har mako huɗu, suka sake ɗaukar hoto. Ciwon mutum 12 ya koma cin aidin. A cikinsu 8 sun ci isasshen da za a ba su maganin sosai, aka kuwa ba su. Ciwon 5 ya ragu, na 3 ya tsaya inda yake. Masu tawayar RAS su 5 ne a gwajin, duka ƙofarsu ta buɗe. Wannan ya shafi ƙasashen da folikula ke da yawa, amma mutum biyar ba su isa a gina hukunci a kansu ba. Masu BRAF su 9 ne, ɗaya kaɗai ya kai ga shan aidin.

Don haka aka nemi ƙwayar da ta fi dacewa da BRAF. A 2015 likitocin Bostan suka gwada dabrafenib ga mutum 10, ciwon 6 ya koma cin aidin. A 2023 likitocin Faransa ƙarƙashin Sophie Leboulleux suka ba da sakamakon haɗa dabrafenib da trametinib na mako shida, a ba da aidin mai tururi a ƙarshen mako na biyar. A cikin mutum 21 da aka auna bayan wata shida, ciwon 8 ya ragu sosai, na mafi yawan sauran kuma ya tsaya.

Fa'idar wannan dabara a fili take. Maimakon mutum ya yi shekaru yana haɗiyar ƙwaya mai tsada mai wahalarwa, sai ya sha ta makonni kaɗan, aidin ya yi aikinsa, a dakata. Ga talakan da ke nesa da asibiti, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma dole a faɗi ɗaya gefen. Duk gwaje-gwajen nan na mutum goma ne ko ashirin. Babban gwaji guda da aka yi, mai mutum 233, an yi shi ne ga waɗanda aka yi wa aiki ba da daɗewa ba, don a gani ko ƙara selumetinib zai sa aidin ya fi share ciwon. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna bai ƙara kome ba, 40 cikin 100 a wannan gefe, 38 a wancan. Har wa yau tururin kansa ba a yawaita shi: yana busar da yawu, kuma in ya taru da yawa yakan taɓa ɓargo. A gwajin Niyok ma mutum ɗaya ya kamu da dajin jini daga baya. Iyakar abin da za a ce shi ne, dabarar tana buɗe ƙofar ga waɗansu, tana ƙara musu lokaci, kuma ana kan bincikenta. Duk wanda ya zo ƙauye da kwalba yana cewa ga sabon maganin da ke warkar da sankarar wuya, maƙaryaci ne, a kai shi gaban hukuma.

Daga Magami zuwa ɗakin aidin

Matakin fari shi ne Gusau, inda akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Daga nan likita na iya tura mutum Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta hanyar Bunguɗu da Talatar Mafara, ko na Ahmadu Bello a Shika ta hanyar Tsafe da Funtuwa. A waɗannan biyu akwai sashen ƙona daji da na'ura daga waje, abin da kan rage zafin ciwon ƙashi, amma wannan daban yake da aidin mai tururi. Asibitocin gwamnati da aka sani da aikin aidin su ne na Jami'ar Ibadan, wanda ya buɗe sashensa a 2006 da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Kada kowa ya kama hanya sai da takardar likita da rana tabbatacciya. Tun da yake hanyar Magami zuwa Gusau ta sha fama da 'yan bindiga, gara mara lafiya ya isa Gusau da kwanaki a hannu, hakimi kuma ya taimaka da sanin ranar da motoci ke fita tare.

Kafin ranar akwai shiri. Likita zai sa a dakatar da ƙwayar tayirokzin na mako uku ko huɗu, ko ya yi wata allura a madadin haka, don ciwon ya ji yunwar aidin. A kwanakin nan mutum yakan yi nauyi da sanyin jiki da mantuwa, kada dangi su ɗauka ciwon ne ya tashi. Har ila yau za a hana shi abinci mai aidin na mako ɗaya ko biyu: gishirin kanti, da dunƙulen miya, da kifin teku, da madara, da gwaiduwar ƙwai. A nan sai a yi hankali da baki, gama gishirin da ake ta yi wa jama'a shelar su ci, shi ne ake hana wannan mutum guda na ɗan lokaci. Kada maganar ta bazu a ce likita ya ce gishiri mai aidin cuta ne.

Mace mai ciki ba a ba ta wannan magani ko kusa. Mai shayarwa sai ta yaye da aƙalla mako shida kafin ranar, kuma ba ta mayar da wannan yaron ga nono. Bayan an sha, a jinkirta ɗaukar ciki wata shida zuwa shekara. Wannan magana ce da za a yi da miji tun da wuri, kuma dattijon da mijin ke jin nauyinsa ya fi malamin asibiti iya yin ta.

Wanda ya sha babban awo akan keɓe shi a ɗaki na musamman kwana biyu ko uku. In ya komo gida da sauran tururi a jikinsa, yana fita ta fitsari da yawu da gumi. Gwargwadon kwanakin da likita ya rubuta, zai kwana shi kaɗai, da kwanonsa da moɗarsa da butarsa, ba a zagaya ƙwaryar fura da shi, ba ya goyo, ba ya rungumar yara, ba ya zama kusa da mai ciki, ya yawaita shan ruwa. Dalilin tsanantawa a kan yara shi ne, tsokar wuyansu ta fi ta manya saurin cutuwa. Bayan haɗarin tashar nukiliya ta Canobil a 1986, irin wannan aidin ya shiga madara, yara fiye da 6,000 suka kamu da dajin tayirod kafin ƙarshen 2005. Abin da ke jikin mara lafiya bai kai ko kusa da wancan ba, amma ba a wasa da shi. A gida mai kishiyoyi da 'yan dubiya, wannan keɓewa ita ce mafi wuya, gama za a ce an ƙyamaci mace ne, ko a ce cutar tana yaɗuwa. Daji ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kwanakin kuma ƙidayayyu ne. In dagaci ya faɗi haka a bainar jama'a, ya kuma je dubiya da kansa ya gaisa daga bakin ƙofa, surutu zai kwanta.

Game da kuɗi, magungunan saiti suna da tsada ƙwarai, kuma ba a san wanda ya dace da mutum ba sai an auna naman da aka cire an ga irin tawayarsa. Kada iyali su sayar da gona ko shanun noma saboda sunan magani da suka ji a waya, sai likitan daji ya rubuta, ya kuma faɗi tsawon lokacin da za a sha. Wanda ya fara ya yanke a tsakiya don kuɗi sun ƙare, ya yi hasara biyu. Inda bukata ta tabbata, hakimi na iya rubuta wa Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Zamfara, ya haɗa da takardar asibiti.

Wanda aka cire wa tsokar zai riƙa shan ƙwayar tayirokzin kowace safiya kafin karin kumallo har iyakar rayuwarsa. Ita ba ta da tsada kamar waɗancan, amma ita aka fi sakaci da ita, domin mutum in ya ji sauƙi sai ya ce ya warke. Barinta yana kawo kasala da kumburi, yana kuma zuga ragowar ciwon ya tashi. In azumi ya zo, a tambayi likita yadda za a gyara lokacin sha.

Malamin hakimi zai yi amfani ƙwarai in ya buɗe shafi a littafinsa saboda wannan, da yardar masu ciwon, ba kuwa don a karanta a zaure ba. Ya rubuta suna da ƙauye da shekaru, da shekarar da ƙullin ya fito, da ranar da aka tura mutum Gusau, da lambar katinsa, da ranar komawa awon jini. In ranar ta matso ya aika wa mai unguwa ya tuna musu. Ya kuma sa a yi kwafin takardar sakamakon naman da aka cire a ajiye a ofis, gama takardu a ɗakin ƙauye gara da ruwan sama sukan ci su, ita ce kuwa za a fara tambaya a Ibadan ko Abuja, ko da bayan shekara goma ne.